Tarihin binciken yadda ƙwaƙwalwa ke auna riba da kasada

Duk malamin da ya taɓa raba takardun jarrabawa ya ga irin wannan: yara biyu su sami maki ɗaya, a ce 12 bisa 20, ɗaya ya fita yana tsalle, ɗaya ya kifa kai a kan tebur. Na farkon ya saba da 7 ko 8, na biyun ya saba da 17. Makin bai bambanta ba, abin da kowannensu ya sa rai da shi ne ya bambanta. Wannan ɗan abin da muke gani kowane zangon karatu shi ne ginshiƙin wani ilimi da masana suka ɗauki fiye da shekara 300 suna haɗawa, tun daga lissafin ƴan caca a Faransa har zuwa sauraren ƙwayoyin ƙwaƙwalwar biri a Suwis. Abin da suka gano, in an taƙaita shi, shi ne ƙwaƙwalwa na koyo ne daga tazarar da ke tsakanin abin da ta zata da abin da ta samu.

Ya kamata iyaye da malamai su san wannan tarihi, domin cacar ƙwallo ta shigo cikin salula, ta bi ƴaƴanmu har ɗaki, kuma abin da ke sa ta kama yaro yana cikin abubuwan da wannan ilimi ya bayyana. Haka nan akwai darasi a ciki game da yabo da horon da muke yi a aji da gida.

Tambayar ɗan caca

A shekarar 1654 wani Bafaranshe mai son caca, wanda aka fi sani da laƙabin Shebaliye de Mere, ya kawo wa Paskal wata tambaya. Paskal ɗin nan shi ne wanda ɗalibanmu ke cin karo da sunansa a darasin lissafi da na kimiyya. Mutum biyu ne suka zuba kuɗi, suka yarda duk wanda ya riga cin zagaye uku ya kwashe duka, sai wani dalili ya tsayar da wasan ba a gama ba. Yaya za a raba kuɗin ba a cuci kowa ba? Paskal ya rubuta wa Ferma, wani alƙali a birnin Tuluz da ke yin lissafi a lokacin da ba ya aiki, suka yi ta musayar wasiƙu a cikin shekarar.

Ga misalin da Paskal ya bayar. Kowa ya zuba tsabar zinariya 32, an tara 64. Ɗaya ya ci zagaye biyu, ɗaya ya ci guda. Da an buga zagaye na gaba, in mai biyun ya ci, ya kwashe 64. In ya faɗi, an yi kunnen doki, kowa ya ɗauki 32. Ke nan 32 nasa ne ko ta halin ƙaƙa. Sauran 32 ɗin kuwa damarsu ɗaya a kai, sai a raba biyu. Shi ya tashi da 48, abokin wasansa da 16.

Sabon abin da ke cikin amsar shi ne an sa wa abin da bai faru ba tukuna farashi. A ɗauki abin da za a iya samu, a ninka shi da yiwuwar samunsa, a tara. Tikitin da ke da dama ɗaya cikin goma ta cin jika goma, darajarsa jika ɗaya ce. A 1657 Huygens, wani masani ɗan ƙasar Holan, ya buga littafi na farko a kan wannan lissafi, kuma a kansa harkar inshora ta ginu daga baya.

Talaka da attajiri ba ma'auninsu ɗaya ba

Ba a daɗe ba aka lura cewa mutane masu cikakken hankali ba sa bin wannan lissafi yadda yake. Wanda ya bayyana dalili shi ne Daniyel Barnuli, ɗan wani gidan masana lissafi na birnin Bal a Suwis, cikin wata maƙala da aka buga a Petarsbur ta Rasha a 1738. Ya ce a ɗauka wani matalauci ya tsinci tikitin da ke da dama rabi da rabi: ko ya ci tsabar zinariya 20,000, ko ya tashi a tutar babu. A lissafin Paskal darajar tikitin 10,000 ce. Amma in aka taya shi 9,000 ya sayar, ya yi daidai. Attajirin da ya saya shi ma ya yi daidai.

Dalili shi ne amfanin kuɗi yana raguwa gwargwadon yawan abin da mutum ke da shi. Jika goma ta farko ita ke sayen hatsi, ta ɗari kuwa ajiya ce kawai. Saboda haka abin da ya kamata a ninka da yiwuwa shi ne amfanin da kuɗin zai yi wa mai shi. Barnuli ya kuma nuna da lissafi cewa ɗan kasuwar da zai aika kaya ta teku gara ya raba su cikin jirage da yawa da ya zuba su a jirgi ɗaya. Manomin da ke haɗa gero da wake a gona ɗaya, wanda kuma ba ya yarda ya shuka sabon iri a dukan gonarsa a shekarar farko, wannan hikimar yake bi. Mai rumbu ɗaya ba zai yi kasadar mai rumbu goma ba, kuma wannan ba duhun kai ba ne.

Masana tattalin arziki sun riƙe wannan ra'ayi shekara da shekaru. A 1944 John von Neumann da Oskar Morgenstern suka fitar da littafinsu a Amurka, wanda ya ba shi cikakken tsari na lissafi. Sai dai tsarin yana faɗin yadda ya kamata mai hankali ya zaɓa ne, bai tabbatar da cewa haka mutane ke yi ba.

Zafin asara ya fi daɗin riba

A 1979 Daniel Kahneman da Amos Tversky, masana halayyar ɗan Adam da suka yi aiki tare a jami'ar birnin Ƙudus, suka buga sakamakon tambayoyin da suka yi wa ɗalibai da malaman jami'a. Ɗaya daga ciki ita ce: a ba ka 3,000 a hannu, ko ka shiga ƙuri'ar da ke da dama 80 cikin 100 ta samun 4,000? Kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka tambaya suka zaɓi 3,000 ta hannu, ko da yake a lissafin Paskal ƙuri'ar ta kai 3,200. Sai aka juya tambayar: ka yi asarar 3,000 tabbas, ko ka shiga ƙuri'ar da ke da dama 80 cikin 100 ta asarar 4,000, da dama 20 ta kuɓuta gaba ɗaya? Nan kashi 92 suka zaɓi ƙuri'a.

Ashe mutum mai taka-tsantsan ne in riba ce a gabansa, amma in ya ga kansa cikin asara sai ya zama mai kasada. Abin da ke sa wanda aka cinye wa kuɗin makaranta ya ci bashi ya koma don ya fanshe ke nan. Sun kuma nuna cewa mutum ba ya auna jimillar dukiyarsa kamar yadda Barnuli ya ɗauka, daga inda yake tsaye yake auna ƙari ko ragi. A ƙiyasin da suka yi a 1992, zafin asara ya ninka daɗin riba mai girma ɗaya sau biyu da ɗan ɗoriya. Ga kuma wani abu: dama ƴar ƙarama, irin ɗaya cikin dubu, tana yin girma a idon mutum fiye da yadda take. Tversky ya rasu a 1996, Kahneman ya karɓi kyautar Nobel a 2002.

Duk wannan bayanin hali ne da aka gani daga waje. Tambayar da ta rage ita ce yadda kai ke koyon darajar abu tun farko, da inda ake yin lissafin. Amsar ta fito daga wani layin bincike daban, na masu nazarin dabbobi.

Ba a koyo sai da mamaki

Tun farkon ƙarni na 20 Pablof na Rasha ya nuna cewa in ana kunna wa kare wata ƙara kafin a ba shi abinci, yau da gobe ƙarar kaɗai za ta sa yawunsa ya tsinke. An daɗe ana ɗauka cewa haɗuwar abu biyu a lokaci ɗaya ita ce duk sirrin. A ƙarshen shekarun 1960 Leon Kamin, a wata jami'ar Kanada, ya rushe wannan zato. Ya koya wa ɓeraye cewa in sun ji wata ƙara, ɗan jan lantarki na biye. Bayan sun koya, sai ya riƙa kunna fitila tare da ƙarar. Da ya gwada fitilar ita kaɗai, ɓerayen ba su ji tsoronta ba, alhali ta sha zuwa kafin lantarkin. Ƙarar ta riga ta gaya musu abin da ke tafe, babu mamakin da ya rage, don haka ba su koyi komai game da fitilar ba.

A 1972 Robert Rescorla da Allan Wagner na jami'ar Yale suka mayar da wannan lissafi. Dabba na riƙe da wani zato. In sakamako ya zo, sai a cire zaton daga abin da aka samu. Abin da ya rage shi za mu kira saɓanin zato. Sai a ɗauki wani kaso na saɓanin a ƙara wa tsohon zato. A ce lada 100 ne, zato sifili, kason kuma ɗaya cikin biyar. Karon farko saɓani 100 ne, zato ya hau 20. Karo na biyu saɓani 80, zato ya koma 36. Na uku saɓani 64, zato ya kusa 49. Kowane karo ƙarin na raguwa, har ranar da zato ya yi daidai da lada, koyo ya tsaya.

Irin wannan shi ake kira samfurin lissafi: ƙa'ida ƴar gajeruwa da za a iya sa wa kwamfuta, ta faɗi abin da dabba za ta yi a gwajin da ba a yi ba tukuna, sannan a je a gwada a ga ko ta yi gaskiya.

Masu kwamfuta ne suka ƙara mataki na gaba. A shekarun 1980, a jami'ar Massachusetts, Richard Sutton da malaminsa Andrew Barto suna neman yadda na'ura za ta koya daga lada ba tare da an gaya mata amsa ba. Matsalar ita ce lada kan zo a makare. Dabarar da Sutton ya bayyana a 1988 ita ce kada a jira ƙarshe: a kowane mataki a gwada zaton yanzu da zaton da ya gabace shi. Manomi ba ya jiran kaka kafin ya gyara zatonsa. Haɗuwar hadari na ƙara masa rai, kwana goma ba ruwa na rage masa, tun gero bai fitar da kai ba. A 1992 Gerald Tesauro na kamfanin IBM ya sa wannan ƙa'ida cikin kwamfuta, ta yi ta buga wani wasa mai kama da ludo da kanta sau dubbai, har ta kusa kamo gwanayen duniya. A 2025 aka sanar da ba Sutton da Barto kyautar Turing, mafi girma a ilimin kwamfuta.

Abin da aka ji a kan biri

Ƙwaƙwalwar mutum na da ƙwayoyin jijiya wajen miliyar 86, suna aika wa juna saƙo ta bugun lantarki da sinadarai. A can tsakiyarta akwai wani ɗan rukuni da bai kai miliyan ɗaya ba, mai fitar da sinadarin da ake kira dofamin. A ƙarshen shekarun 1950 Arvid Carlsson na Suwidin ya nuna cewa dofamin ɗan aike ne tsakanin ƙwayoyin, daga baya aka gano cewa mutuwar waɗannan ƙwayoyi ce ke kawo ciwon karkarwa da sandarewar jiki da ake kira Fakinsan.

Don haka da Wolfram Schultz, Bajamushe mai bincike a jami'ar Firibur ta Suwis, ya fara sa siririyar waya yana sauraren waɗannan ƙwayoyi a kan birai, alaƙarsu da motsin jiki yake nema. Sai ya tarar motsi bai cika tayar da su ba. Abin da ke tayar da su shi ne biri ya sa hannu cikin akwati ya taɓa ɗan yankan tufa da bai san yana nan ba.

Ya bi diddigi da ruwan ƴaƴan itace, ya ga abu uku. In ruwan ya ɗiga a bakin biri ba zato, ƙwayoyin kan yi bugu da sauri na ɗan lokacin da bai kai rabin daƙiƙa ba. In an koya wa birin cewa wata fitila ce ke zuwa kafin ruwan, bugun kan koma kan fitilar, ruwan kansa ya zo ƙwayoyin ba su kula ba. In kuma fitila ta kama aka hana ruwan, daidai lokacin da ya kamata ya zo sai ƙwayoyin su yi tsit, su sauka ƙasa da ɗan bugun da suka saba yi.

Read Montague da Peter Dayan da Terrence Sejnowski, waɗanda suka san aikin Sutton, suka gane abin da suke kallo. Samu ya fi zato, bugu ya hau. Samu ya yi daidai da zato, ba canji. Samu ya gaza zato, bugu ya sauka. Saɓanin zato ne sak. Suka buga bayaninsu a 1996, a 1997 kuma Schultz da Dayan da Montague suka haɗa gwajin da lissafin cikin maƙala ɗaya a mujallar Science. Ƙa'idar da aka rubuta don ɓera da kwamfuta sai ga ta cikin ƙwaƙwalwa mai rai.

Ana yawan kiran dofamin sinadarin jin daɗi, amma sunan bai dace ba. Kent Berridge na jami'ar Michigan ya nuna cewa ɓeran da aka raba da dofamin har yanzu yana lasar baki in an ɗiga masa sukari, sai dai ba zai tashi ya nemi abinci ba. Aikin dofamin ya fi karkata ga sa nema da koyar da abin da za a nema. Shi ya sa mutum kan ci gaba da bin abin da ya daina yi masa daɗi.

Inda kasada ke shiga

A 2003 Schultz da abokan aikinsa suka koya wa birai hotuna biyar, kowanne da tasa damar samun ruwa: babu, ɗaya cikin huɗu, rabi, uku cikin huɗu, da tabbas. Tsakanin hoto da ruwa akwai jiran kamar daƙiƙa biyu. A cikin wannan jira suka ga bugun ƙwayoyin dofamin na hawa sannu a hankali, kuma ya fi hawa a hoton rabi da rabi, inda rashin tabbas ya fi yawa. A hoton tabbas babu wannan hawan. Tun shekarun 1950 Skinner na Amurka ya ga cewa tantabarar da ake ba tsaba jefi-jefi, ba ta san karon da za ta samu ba, ta fi nacin saran maɓalli, har shi da kansa ya kwatanta abin da caca. Ladan da ba a iya hasashensa ba ya barin zato ya zauna, don haka saɓani ba ya ƙarewa.

A 2009 Luke Clark da abokan aikinsa a jami'ar Kambirij ta Ingila suka sa mutane buga injin caca a cikin na'urar ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa. In injin ya tsaya dab da ci, saura ƙiris, wuraren da ke motsawa lokacin ci na gaske suna motsawa, kuma in mutum ne ya zaɓi alamar da kansa yakan ce yana son ya sake bugawa, alhali bai sami ko dala ba.

Mu auna tikitin ƙwallo da wannan. A ce yaro ya haɗa wasa goma, kuma a kowanne damarsa ta canka daidai 6 ce cikin 10. Damar ya ci duka goman ita ce a ninka 0.6 da kanta sau goma, wato kamar 6 cikin 1,000. Damar ya canki tara, ɗaya ya ɓata masa, kamar 40 ce cikin 1,000. Ke nan “wasa ɗaya ne ya kashe min tikiti” zai faru kusan sau bakwai kafin ci ɗaya. Yaron na jin ya kusa ƙwarewa, alhali tsarin tikitin ne ke haifar da saura ƙiris ɗin.

Masu ciwon Fakinsan sun ba da wata hujja. Michael Frank ya gina samfurin kwamfuta mai hanyoyin jijiya biyu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa: ɗaya mai cewa “je ka”, wadda hawan dofamin ke ƙarfafawa, ɗaya mai cewa “dakata”, wadda saukarsa ke ƙarfafawa. Samfurin ya yi hasashen cewa maganin da ke cika dofamin zai toshe darasin asara. A 2004 shi da abokan aikinsa suka gwada: marasa lafiyar in sun sha magani sun fi koyo daga samu, in ba su sha ba sun fi koyo daga rashi. A 2005 likitocin asibitin Mayo a Amurka suka ba da rahoton mutum 11 da suka faɗa caca bayan an sa su a kan wani rukunin magungunan ciwon, kuma waɗanda aka bi sawunsu sun daina da aka rage ko aka tsayar da maganin. A 2013 ƙungiyar likitocin tabin hankali ta Amurka ta mayar da jarabar caca cikin sahu ɗaya da jarabar ƙwaya da giya.

Wurin da ake yanke shawara

Koyon daraja daban, zaɓi tsakanin abu biyu daban. A 2006 Camillo Padoa-Schioppa da John Assad na jami'ar Harvard suka gano ƙwayoyi a gaban ƙwaƙwalwa, saman idanu, waɗanda bugunsu ke bin darajar da biri ya ba abin sha, kowane iri ne, kamar mudu ɗaya da ake auna hatsi iri-iri da shi. Samfurin da Xiao-Jing Wang ya fitar a 2002 kuma ya nuna yadda za a iya kai ga hukunci: rukunin ƙwayoyi biyu, kowanne na wakiltar zaɓi ɗaya, yana zuga ƴan rukuninsa yana danne ɗayan, har ɗaya ya rinjaya. In ƙarfinsu ya yi kusa, kokawar kan daɗe, kuma ɗan abu kaɗan ke raba ta. An gina shi ne don hukuncin abin da ido ya gani, daga baya aka yi amfani da shi ga zaɓi tsakanin abubuwa masu daraja.

Abin da ke faruwa in wannan sashe ya lalace ya fito a jami'ar Iowa a 1994. Antoine Bechara da Antonio Damasio da abokansu suka ajiye tulin karta huɗu. Biyu na ba da dalar Amurka 100 kowace karta, amma da tara mai nauyi da ke cinye ribar har da uwar kuɗi. Biyu na ba da 50, tararsu kaɗan, ƙarshensu riba. Masu lafiya sukan koma kan na 50. Waɗanda suka sami rauni a gaban ƙwaƙwalwa, da wayonsu da komai, suka liƙe wa na 100. A gwajin 1997 aka ga fatar masu lafiya na fara tsatsafo da gumi in za su taɓa mugun tulin tun kafin su iya faɗin dalili. Masu raunin ba sa wannan gumin, kuma wasunsu sun faɗi da bakinsu wane tuli ne mugu, suka ci gaba da ɗauka daga cikinsa. Sani a baki bai isa ya tsayar da hannu ba.

Wannan sashe na gaba shi ne ke jinkirin nuna, sai mutum ya haura shekara 20 yake kammala, alhali sassan neman lada sun riga sun yi ƙarfi tun balaga. A 2005 Margo Gardner da Laurence Steinberg suka sa mutane wasan tuƙin mota a kwamfuta, wasu su kaɗai, wasu da tsaransu biyu na kallo. Kasadar ƴan shekara 13 zuwa 16 ta ninka in abokai na kallo, ta manya ba ta canja ba. Duk wanda ya ga yadda saurayi ke tuƙa babur shi kaɗai da yadda yake yi in zai wuce gaban fada ya san maganar.

Abin da za mu ɗauka

Wannan ilimi na da iyaka. An gina shi ne a kan birai da ɓeraye da ɗaliban jami'o'in Turai da Amurka. Wani nazari da Joseph Henrich da abokansa suka buga a 2010 ya nuna cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwaji da su a manyan mujallun ilimin halayya sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 na al'ummar duniya. Kuma lissafin ba ya faɗin abin da ya cancanci a so. Ko yaro zai ɗauki yardar iyaye ko tafin abokai a matsayin lada, wannan aikin tarbiyya ne.

Duk da haka, a ganina akwai abin amfani. Yabon da ake yi wa kowa kullum yakan zama abin zato, ya daina koyar da komai; wanda ya zo a kan wani takamaiman ƙoƙari shi ke tasiri. Bulalar kullum ma haka take: yaron da ya san za a dake shi ko ya yi ko bai yi ba, babu saɓanin da zai nuna masa wane hali ne zai bari, tsoron malamin kawai zai koya. Gyaran da ya zo da wuri ya fi wanda ya zo bayan mako uku, lokacin da yaro ya manta yadda ya kai ga amsarsa. Yaron da ya saba faɗuwa kuwa, ƙaramar nasara ta gaske babban mamaki ce a wurinsa, shi ya sa ya dace a ba shi aikin da ya ɗan fi ƙarfinsa kaɗan amma zai iya kaiwa.

Game da caca, addini ya hana, iyaye na faɗa, kuma dole a ci gaba. Sai dai gwajin Iowa ya nuna cewa sanin abu mugu ne bai isa ba a lokacin da hannu ke kan salula kuma abokai na kallo. Abin da ya fi tsare yaro shi ne abin da ya shiga tsakaninsa da wannan lokacin: a san kuɗin da ke shiga salularsa, a san fadar da yake zama, kada a biya masa bashin caca a ɓoye don ya fanshe, tunda neman fansa shi ne lokacin da kasada ta fi yawa. Malaman lissafi kuma suna da nasu rabon. In an zo darasin yiwuwa, a bar misalin ƙwallaye cikin buhu na rana ɗaya, a rubuta tikitin wasa goma a allo, a bar ɗalibai su ninka da hannunsu har su ga 6 cikin 1,000, su kuma ga daga inda saura ƙiris ke fitowa.